FASHIN BAƘI: Gawa a bakin teku, raha a caji ofis: ƙarfi da raunin shirin 'Death in Paradise'

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Birtaniya, rana ta riƙa faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma, tashar BBC One kan kwashi miliyoyin masu kallo ta kai su wani tsibiri mai suna Saint Marie a yankin Karibiyan, inda rana ba ta ɓuya, teku ke sheƙi, kuma mako ba ya wucewa ba a tsinci gawa ba. Tsibirin babu shi a taswira. Shirin da ya ƙago shi, Death in Paradise, wato mutuwa a aljannar duniya, ya fara fitowa ranar 25 ga Oktoba, 2011, ya cika kashi na 100 a Fabrairun 2024, kuma har yau yana cikin wasannin kwaikwayon da aka fi kallo a ƙasar. An sayar da shi ga ƙasashe da yankuna sama da 200. Ya kuma haifi 'ya'ya biyu, ɗaya a Ingila, ɗaya a Ostireliya.

Masu sharhin talabijin a jaridun Landan sun shafe shekaru suna yi masa kallon hadarin kaji, suna cewa tuwo ɗaya ne ake ta ɗumamawa duk mako. Masu kallo kuwa ko a jikinsu. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma hujjojin daga tushe ɗaya suka fito. Daɗin shirin ya samo asali ne daga abubuwan da aka cire masa: an cire wa mutuwa baƙin ciki, an cire wa 'yan sanda kulki da zalunci, an cire wa tsibiri siyasa da tarihi. Cirewar farko dabara ce ta masu nishaɗantarwa, ba ta cutar da kowa. Sauran biyun su ne abin dubawa, musamman ga mai kallon da ya tashi a ƙasar da Turawan Ingila suka kafa wa rundunar 'yan sanda.

Daga wani ɗakin otal a Kingston

Wani lamari na gaske ne ya haifi shirin. Ranar 18 ga Maris, 2007, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya ta wasan kurket, aka tsinci Bob Woolmer, Baturen Ingila mai horar da 'yan wasan Pakistan, kwance a ɗakinsa na otal a Kingston, babban birnin Jamaika, kwana guda bayan Ireland ta doke Pakistan ta kora ta gida. Bai tashi ba. 'Yan kwanaki bayan haka 'yan sandan Jamaika suka sanar da cewa shaƙe shi aka yi. Wanda ya jagoranci binciken, mataimakin kwamishina Mark Shields, shi ma Baturen Ingila ne da Jamaika ta ɗauko daga 'yan sandan Birtaniya, daga baya kuma aka turo tawaga daga Scotland Yard don ta sake duba aikin. Robert Thorogood, marubucin da a lokacin ba a taɓa haska aikinsa a talabijin ba, ya sha faɗin cewa daga wannan labari ya samu dabarar: ɗan sandan Landan da aka jefa cikin zafin Karibiyan ya binciki kisa.

Yadda labarin na gaske ya ƙare shi ne abin lura. A watan Yuni 'yan sanda suka janye maganar kisa, bayan likitocin binciken gawa daga Birtaniya da Kanada da Afirka ta Kudu sun ce ajali ne kawai, babu hannun kowa. A watan Nuwamba kotun binciken musabbabin mutuwa ta zauna makonni, masu taya alƙali hukunci suka ce ba su da isasshiyar hujjar cewa kisa ne, ba su kuma da ta cewa ba kisa ba ne. Haka aka rufe fayil. Irin wannan ƙarshe, inda ƙwararru suka saɓa wa juna, hafsan da aka ɗauko daga Ingila ya yi gaggawar magana, iyali kuma suka koma gida babu amsa, shi ne abin da ba zai taɓa faruwa a Saint Marie ba.

Ƙa'idar wasan

Wanda ya kalli kashi uku ya san yadda na huɗu zai tafi. Kafin kiɗan buɗe shiri, ana nuna mutum huɗu ko biyar a wuri guda: bikin aure a otal, ko taron tsofaffin abokan makaranta, ko mawaƙa masu shirin hawa dandamali. Minti biyu zuwa uku sai a ji ihu, an ga gawa. Nan take kiɗan ska na Jamaika ya tashi, mai sa mutum kaɗa kai, alhali gawar ko sanyi ba ta yi ba. Sufeto da muƙarrabansa su iso cikin tsohuwar Land Rover, wani a kan babur mai kwando a gefe. Kisan kusan kullum na ban al'ajabi ne: ƙofa a kulle ta ciki, ko kuwa duk waɗanda ake zargi suna zaune gaban shaidu lokacin da aka ji harbi. A liƙa hotunansu a allo. Kowannensu yana da abin da yake ɓoyewa, bashi ko rigimar gado ko soyayyar ɓoye. Sufeto kuma ya nace wa wani ɗan ƙaramin abu da kowa ya raina, wanda ke wurin da bai kamata ya kasance ba. Saura kwata a tashi, wani ya yi wata magana da ba ta shafi binciken ba, sai idon sufeto ya buɗe. Ya sa a tara kowa wuri ɗaya, ya warware zaren daki-daki, ya nuna mai laifi. A sa ankwa. A wuce mashayar Catherine da ke bakin ruwa a jiƙa maƙoshi.

Ginin ba sabo ba ne. Gadon Agatha Christie ne, wadda ita ma a littafinta na 1964 ta kai tsohuwar jarumarta Miss Marple hutu wani ƙagaggen tsibirin Karibiyan mai suna St Honoré. Babban garin Saint Marie a shirin kuwa sunansa Honoré.

Ƙarfin shirin na farko shi ne ba ya ha'intar mai kallo. A kashi masu kyau, duk alamar da sufeto zai kafa hujja da ita an riga an nuna ta, ka gan ta da idonka ka wuce. Kacici-kacici ne irin na dandali: ka yi ta lalube, ka gaji ka ba da gari, a faɗa maka amsa ka riƙe baki. Rubuta irin wannan sau takwas a shekara, har fiye da shekara goma, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma masu raina shirin ba kasafai suke yi masa wannan adalcin ba. Haɗa kisan da zai zama kamar ba zai yiwu ba, sannan a warware shi ba tare da an jawo aljani ko tagwayen da ba a taɓa ambata ba, ya fi wuya a kan cika fuskar talabijin da jini.

Jinin ma babu shi. A shekarun da tashoshin Turai suka koma ga labaran bincike masu duhu, masu gawarwakin mata da aka azabtar da jami'an da giya da kaɗaici suka cinye, wannan shiri ya tsaya a kan cewa kaka da jika za su iya zama kujera ɗaya su kalla. Barkwancinsa ba mai cin mutunci ba ne. Mafi yawansa a kan sufeton yake ƙarewa: mutum mai kaifin ƙwaƙwalwa da bai iya zama da mutane ba, yana kwana a wata bukka a bakin teku tare da ƙadangare mai suna Harry, wanda da kwamfuta ake zana shi.

Akwai kuma wata dabara da ta tsawaita ransa. Yawancin shirye-shirye masu dogon zango suna mutuwa ranar da tauraronsu ya tafi. Wannan kuwa ya sauya jagora sau huɗu bai girgiza ba. Ben Miller ne ya fara, a matsayin Richard Poole, mai yawo cikin kwat da lakataye a tsakar rana yana neman shayin kirki. Da Miller ya nemi komawa ga iyalinsa, marubutan ba su sallame shi da liyafa ba: a kashin farko na zango na uku, a 2014, suka sa aka kashe Poole, magajinsa ya binciki kisan. Magajin shi ne Kris Marshall a matsayin Humphrey Goodman, sarkin tuntuɓe da ɓarin kaya. Sai Ardal O'Hanlon a 2017 a matsayin Jack Mooney, ɗan Ireland da matarsa ta rasu, mai zagaye-zagayen magana. Sai Ralf Little a 2020 a matsayin Neville Parker daga Manchester, wanda jikinsa ba ya shiri da sauro da rana da kusan duk abin da tsibirin ke da shi. Kujerar ce tauraruwa, masu zama a kanta baƙi ne.

Dole a ƙara da wani abu da ya shafi siyasar masana'antar kanta. Ba kasafai ake samun shiri a BBC One da ƙarfe tara na dare wanda mafi yawan 'yan wasansa na dindindin baƙar fata ne ba. Don Warrington, haifaffen Trinidad, yana nan tun kashin farko a matsayin kwamishina Selwyn Patterson, kuma kallo ɗaya da zai yi wa sufeto ya fi dogon jawabi. Danny John-Jules ya mayar da ɗan sanda Dwayne Myers, mai son mata da gajeriyar hanya, abin so a gidaje. Sara Martins da Joséphine Jobert daga Faransa, da Shantol Jackson daga Jamaika, duk shirin ya kai fuskokinsu ƙasashen da ba a san su ba.

Raunin da ya shafi rubutu kuwa a fili yake, ba ya buƙatar dogon bayani. Maganar da ke buɗe idon sufeto sau da yawa jawo ta ake yi da ƙarfi. Masu kisa kan shirya makirci mai hawa bakwai inda tura mutum cikin teku da dare zai wadatar. Matar da aka kashe wa miji da safe, da yamma tana zaune da tabarau tana amsa tambayoyi kamar wadda aka sace wa waya. Wanda yake son ya ga abin da kisa ɗaya ke yi wa ƙaramin garin bakin teku sai ya nemi Broadchurch, da tashar ITV ta fara a 2013, inda mutuwar yaro guda ta cinye zango sukutum. Amma wannan zargi bai yi mini nauyi ba. Wanda ya zauna buga dara bai yi alkawarin zaman makoki ba.

Wa ke tunani, wa ke ɗaukar jaka?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Daga 2011 zuwa 2024, duk sufetocin nan huɗu Turawa ne maza da jirgi ya kawo daga Ingila. Ko wanda aka kashe a kashin farko, wanda Poole ya zo binciken mutuwarsa, Bature ne. 'Yan tsibirin su ke ɗaukar zanen yatsu, su tona bola, su bi gida-gida, su buga waya banki, su kori mai gudu a kasuwa. Idan an zo wurin haɗa hujjoji a gano mai laifi, sai su tsaya a bayan sufeto suna kallo da mamaki, suna ce masa yallaɓai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sajan Camille Bordey, wadda aka nuna ta samu horo a Faransa har ta yi aikin ɓad da kama, ta bar tsibirin ta tafi Paris ba ta hau kujerar ba. Fidel Best da JP Hooper sun ci jarrabawar sajan, sai labari ya tura su aiki wani wuri. A Janairun 2021 jaridar Guardian ta wallafa dogon sharhi a kan wannan tsari, kuma tun kafin nan masu kallo 'yan asalin Karibiyan suna ƙorafi a kai, har da karin harshen da 'yan wasa haifaffun Landan ke ƙaƙalowa, wanda ba na kowane tsibiri ba ne.

Masu kare shirin suna da amsa biyu. Ta farko, shugaban kowa a ofishin baƙin mutum ne, kwamishina Patterson, kuma sufeto na rawar jiki a gabansa. Gaskiya ne. Sai dai aikin kwamishinan a yawancin labarai shi ne ya zo ya tsuke fuska, ya tuna wa sufeto cewa mamacin abokin manya ne ko kuma masu yawon buɗe ido za su tsorata, ya koma kulob. Iko yana hannunsa, basira kuma ta jirgi take zuwa. Amsa ta biyu ita ce Baturen ake yi wa dariya, shi ne wawan wasan. Wannan ma gaskiya ne, amma tsohuwar dabara ce: a bar ka ka yi wa mutum dariya a kan shayinsa da tsoron ƙadangare, muddin a minti goma na ƙarshe kowa zai yi shiru ya saurare shi.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba ya buƙatar tafinta a nan. Rundunar 'yan sandan Najeriya ta samo asali ne daga 'yan dakarun da Turawa suka kafa a Legas a shekarun 1860, waɗanda aka fi sani da Hausawan Glover, da kuma dakarun kamfanin Royal Niger. A 1930 aka haɗe rundunar Kudu da ta Arewa. Tsarin bai ɓoyu ba: hafsa Bature, kurata baƙaƙe. Sai a 1964, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, ɗan ƙasa na farko, Louis Edet, ya zama sufeto janar. Hoton da Death in Paradise ke sayarwa cikin raha, kakanninmu sun gan shi babu raha.

Wani zai ce ai haka abin yake a zahiri, kuma yana da gaskiya. A labarin, Saint Marie yanki ne da ke ƙarƙashin Birtaniya, irin su Anguilla da Montserrat da tsibiran Cayman, inda gwamnan da Landan ta naɗa ke riƙe da harkar tsaron cikin gida, kuma sau da yawa daga Birtaniya ake ɗauko manyan 'yan sanda. Amma wannan gaskiya ita kanta labari ce mai zafi. A 2009 Landan ta dakatar da gwamnatin da jama'a suka zaɓa a tsibiran Turks da Caicos bisa zargin cin hanci, ta mulke su kai tsaye har 2012. A Afrilun 2022 aka kama firimiyan tsibiran Virgin na Birtaniya, Andrew Fahie, a Miami bisa zargin safarar hodar ibilis, a daidai lokacin da wani kwamitin bincike ya ba da shawarar a dakatar da tsarin mulkin yankin; kotun Amurka ta same shi da laifi a 2024. Barbados kuwa, wadda ta daɗe da samun 'yanci, ta raba gari da sarautar Ingila a Nuwamban 2021. Yankin gaba ɗaya yana muhawara a kan wa ke da ikon ɗora wa wani doka. A Saint Marie ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi wannan tambaya da gaske. Ko da aka yi zaɓen magajin gari a zango na shida, aka daɓa wa ɗan takara wuƙa a rumfar zaɓe, abin da ya dami shirin shi ne yadda aka yi ba wanda ya gani.

Sannan wace runduna ce ake aikowa a matsayin ma'aunin ƙwarewa? Rahoton Macpherson na 1999, kan yadda aka yi wasa da binciken kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence, ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a rundunar 'yan sandan Landan. A Maris 2023 rahoton Louise Casey, wanda aka ƙaddamar bayan wani ɗan sanda mai ci ya sace Sarah Everard ya kashe ta, ya maimaita hukuncin, ya ƙara da ƙin jinin mata. A Disambar 2020, shekarar da Neville Parker ya sauka Saint Marie daga Manchester, masu sa ido na gwamnati suka gano cewa rundunar Manchester ta kasa rubuta laifuka sama da 80,000 cikin shekara guda, shugabanta ya sauka. A Ingila da Wales, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na laifukan da aka kai rahoto ne ke kaiwa ga tuhuma a 'yan shekarun nan. Ɗan sandan da ba ya kuskure, ko a gidansu ba a san shi ba.

'Yan sandan mafarki

Duk da haka, akwai dalilin da zai sa matashin da ya ga zanga-zangar #EndSARS ta Oktoban 2020, ko ya taɓa bin ɗan'uwansa caji ofis, ya ji daɗin wannan shiri fiye da Baturen da aka yi shi dominsa. A Honoré ba a tambayar mai ƙara kuɗin mai. Ba a kama uba don ɗa ya fito. Ba a rataye kowa don ya amsa laifi. Da wuya a ga an zaro bindiga. Hujja ce ke kai mutum ɗakin tsaro, kuma talakan masunci da attajiri mai otal bincike ɗaya ake yi wa gawarsu. A ƙasar da kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, ganin ɗan sanda yana tunani maimakon duka wani abu ne mai amfani. Yana tuna wa mutum yadda aikin ya kamata ya kasance.

Sai dai mafarkin yana da nasa farashin. Lauya kusan ba ya shigowa shirin. Ana tara waɗanda ake zargi a farfajiyar otal a tone asirin kowa a bainar jama'a, har na waɗanda ba su da laifi, mai laifin kuma ya miƙe ya amsa da bakinsa ba tare da mai ba shi shawara ba. Kotu ba a ganinta. Rabin hujjojin da sufeto ke kafawa, lauya mai matsakaicin wayo zai yi fata-fata da su kafin azahar. A Janairun 2020 ƙungiyar Color of Change ta Amurka ta fitar da rahoto kan yadda shirye-shiryen 'yan sanda na ƙasar ke mayar da keta haƙƙi abin yabo, bayan kisan George Floyd a shekarar kuma aka dakatar da shirye-shiryen Cops da Live PD. Death in Paradise ba ya cikin wannan sahu, ba ya ƙawata duka. Abin da yake koyarwa ya fi laushi: 'yan sanda mutanen kirki ne masu gano gaskiya kullum, don haka sa musu ido ɓata lokaci ne. Abin mamaki, kashin farko na shirin ya fi sauran ƙarfin hali, domin wadda ta yi kisan sajan ce a ofishin, ta yi shi ne don rufe wata haramtacciyar harka da take da hannu a ciki. Daga baya ba kasafai aka koma wannan hanya ba.

Masu shirin sun ji sukar. A Kirsimetin 2024 aka gabatar da Don Gilet a matsayin sufeto Mervin Wilson, baƙin mutum na farko a kujerar, wanda ya zo tsibirin yana neman mahaifiyar da bai taɓa sani ba. Wannan ya ba labarin wani nauyi da bai saba da shi ba, domin baƙon yanzu yana da jini a ƙasar da yake rainawa. Amma shi ma daga Landan jirgi ya kawo shi. 'Ya'yan shirin ne ma suka nuna cewa ba dole sai da wannan tsari ba. Beyond Paradise, da aka fara a 2023, ya mayar da Humphrey Goodman wani ƙagaggen garin bakin teku a Devon, inda shirmensa ke ba da dariya ba tare da kowa ya tuna da mulkin mallaka ba. Return to Paradise na 2024 kuma mace ce ke jagoranta, 'yar garin da ta dawo gida Ostireliya. Teku yana nan, kacici-kacici yana nan, masu kallo suna nan.

Tsibirin da kyamara ke juya wa baya

Saint Marie ƙage ne, amma ƙasar da ake taka wa ta gaske ce. Ana ɗaukar shirin ne a Gwadalup, yankin Faransa a Karibiyan mai mutum kimanin 380,000, galibi a wani ƙaramin garin masunta mai suna Deshaies. Caji ofis ɗin wani gini ne a gefen cocin garin. Gwamnatin yankin tana tallafa wa aikin, mazauna wurin suna samun aiki na watanni duk shekara, masu yawon buɗe ido daga Birtaniya kuma suna zuwa ɗaukar hoto a mashayar Catherine. Wannan riba ce ta gaske, ba a raina ta.

Ƙirƙirar gari ba laifi ba ne. Masu shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 sun ƙago Alfawa ne don su samu damar faɗin abin da ba za su iya faɗa da sunan wata jiha ta gaske ba. Saint Marie an ƙago ta ne don a samu damar yin shiru. Gwadalup ƙasa ce da aka soke bauta a cikinta a 1794, Napoleon ya maido da ita a 1802, ba a sake soke ta ba sai 1848. A Mayun 1967 jandarmomi suka buɗe wuta kan magina masu yajin aiki a Pointe-à-Pitre, kuma har yau ana gardama kan adadin waɗanda suka mutu. A 2009 yajin aikin gama-gari kan tsadar rayuwa ya tsayar da tsibirin kwana 44. A Nuwamban 2021 Paris ta tura dakaru na musamman don kwantar da tarzoma. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na jama'ar suna ƙasa da ma'aunin talauci, abinci ya fi na Faransa tsada da kusan kashi 40 cikin 100, ruwan famfo kuma rabonsa ake yi unguwa-unguwa. Harshen Kiriyol da mutanen ke magana da shi a gida da kasuwa, da ƙyar ake jin sa a shirin. Abin da ake yawan ɗaukowa daga al'adar yankin shi ne tsafin budu da bukukuwan rufe fuska, su ma don ado.

Idan kuwa labarin kisa ake nema mai makami da waɗanda ake zargi da dalili, Gwadalup tana da shi. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba wani maganin ƙwari mai suna kulodekon a gonakin ayaba na Gwadalup da maƙwabciyarta Martinik. Amurka ta daina sarrafa shi tun tsakiyar shekarun 1970, bayan ya nakasa ma'aikatan wata masana'anta a jihar Virginia. A 1979 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar. Faransa ta haramta shi a 1990, amma ta ba tsibiran biyu rangwamen shekara uku bayan matsin lambar manyan masu gonaki. Maganin ba ya narkewa da wuri. Masana sun ce zai iya daɗewa a wasu ƙasashen noma har ƙarnuka. Ya shiga koguna da rijiyoyi da doya da kifi, har aka hana kamun kifi a wasu sassan gaɓar teku. Hukumar lafiyar jama'a ta Faransa ta gano shi a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen tsibiran biyu, inda yawan masu sankarar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ke cikin mafi girma a duniya.

Ƙungiyoyin mazauna tsibirin sun shigar da ƙara tun 2006. A 2018 Shugaba Emmanuel Macron ya amsa cewa gwamnati na da nata alhakin, a 2019 kuma kwamitin majalisar dokoki ya ɗora mata kaso mafi girma na laifin. Bayan shekara 16 ana bincike, a Janairun 2023 alƙalan Paris suka rufe shari'ar ba tare da gurfanar da kowa ba. Sun yarda cewa abin kunya ne da ya cutar da lafiyar al'umma, amma suka ce wa'adin gurfanarwa ya wuce, hujjoji kuma sun yi wuyar haɗawa bayan tsawon shekaru. Masu ƙara sun ɗaukaka. A wata shari'ar daban, a Maris 2025, kotun ɗaukaka ƙara mai kula da ƙorafi kan hukumomi ta ce gwamnati ta yi sakaci, ta ba da umarnin a biya diyya ga kimanin mutum goma daga cikin kusan 1,300 da suka nema. Gonakin da suka fi gurɓata suna kudancin Basse-Terre, ɓangaren tsibirin da Deshaies take, tafiyar da ba ta kai awa biyu a mota ba daga ƙofar caji ofis ɗin Honoré.